DAGA SATAR SHANU ZUWA SATAR MUTANE: JAWABI A TARON SHEKARA NA ƘUNGIYA

 

Mu da muka haura sittin mun san zamanin da ɓarawo kan lallaɓo da dare da adda ko bindigar toka, ihu ɗaya ya ishe shi gudu. To, yaya aka yi muka tsinci kanmu a halin yau?

Amsar ita ce, sata ta zama sana'a mai shugabanni, kuma duk sanda ta sake salo, zubar da jini ma yakan sake nasa. Daga wajen 2011 ɓarayin shanu suka haɗu ƙungiya-ƙungiya a dazuzzukan Zamfara da dajin Rugu, kuɗin shanun suka koma babura da AK-47, ga makamai sun yi araha bayan rushewar gwamnatin Libiya. 'Yan sa-kai suka tashi, ramuwa ta bi ramuwa. A watan Maris na 2014 aka yi wa Mararrabar Maigora da ƙauyukan kewayenta kisan gilla.

Da shanu suka yi ƙaranci, sai ɗan Adam ya zama haja. Ranar 11 ga Disamba, 2020, aka kwashe ɗalibai daga Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana shida. Daga bisani manomi ma sai ya biya haraji kafin ya girbe abin da ya shuka.

Ku lura da abu biyu. Sulhun 2019 ya rushe domin dabobin ba su da uba ɗaya. Alkawarin wannan bai ɗaure wancan ba. Haka kuma kashe Buharin Daji a 2018 da Auwalu Daudawa a 2021 bai kawo ƙarshen ta'asar ba, yaransu ne suka ci gaba.

Saboda haka bindiga kaɗai ba ta isa ba. Ɓarawon daji yana dogaro da mai kai masa labari, da mai, da abinci, kuma sau da yawa ɗanmu ne wanda ya rasa karatu da sana'a. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

'Yan uwa na birni, muna roƙonku ku ɗauki nauyin karatun marayunmu, ku koya wa matasa sana'a, 'ya'yan manoma da na makiyaya baki ɗaya, kada ku yanke ƙafa daga gida.

Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya ba mu zaman lafiya. Amin.