Amsar Wasiƙa: Yaushe Ake Komawa Gona Bayan Feshi?

Wasiƙarmu ta yau daga Rafin Guza ta fito, nan cikin Kaduna. Wani manomin rani ne ke cewa in ya fesa wa tumatir maganin ƙwari yakan saki akuya cikin fadamar, in ta kwana lafiya sai ya tura yara aiki. Yana tambaya, wai wannan dabara ta yi?

To Malam, gaskiya ba ta yi ba. Akuya na da gashi, kuma gilmawa kawai take yi. Yaro kuwa hannu yake cusawa cikin ganye tun safe har azahar yana gumi, alhali dafin ta fata yake shiga. Sannan in akuyar ta ci ganyen, ka jawo wa kanka asara.

Gwaji da dabba masana sun riga sun yi maka shi. Kafin a sayar da magani akan ba ɓeraye shi a aune, a shafa wa zomaye a fata, a ɗiga musu a ido. A kan irin wannan gwaji Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa magunguna aji-aji a 1975. Shi ne launin da ke gindin kwalba: ja ya fi kowanne dafi, sai ruwan ɗorawa, sai shuɗi, sai kore. A Amurka, dokar 1992 ta ce mafi dafi a jira awa 48, mai bi masa awa 24, sauran awa 12.

Saboda haka a duba lambar NAFDAC, a sa mai karatu ko malamin gona ya karanta takardar jikin kwalba. Wanda ake ɗurawa a gora ba takarda, kada a saya ko da araha. Lokacin shiga gona daban, na tsinkar amfani daban. Ku 'yan gwari masu sari a Kawo, ku riƙa tambayar ranar da aka yi feshi.

In mutum ya fito gona da jiri, amai, dalalar miyau ko gani dishi-dishi, a tuɓe masa kaya, a wanke shi da sabulu, a garzaya asibiti tare da kwalbar. Kada a tsaya ɗura masa madara ko manja.

Allah ya ba mu amfani mai albarka.