ZAƁI MAƘWABCI KAFIN KA ZAƁI ƊAKI

Nasiha ga ɗaliban Batsari da Safana masu tafiya karatu birni

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin halittu, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa, iyaye da ɗalibai, duk shekara yaranmu suna samun gurbin karatu a Jami'ar Bayero ta Kano, ko Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko nan kusa a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma wadda aka kafa a 2011. Uba yakan sayar da gero ko ɗan bijimi ya haɗa kuɗin makaranta, amma ba kasafai yake tambayar inda yaron zai kwana ba. Ɗakunan kwana na cikin jami'o'in nan ba sa isar ɗalibai, saboda haka da yawa sai sun nemi haya a waje: a Kano wajen Danbare, Rimin Gata, Rijiyar Zaki, Janbulo ko Ɗorayi, a Zariya kuwa cikin Samaru ko Hayin Dogo. A nan ne tarbiyyar shekara ashirin take iya rushewa cikin zangon karatu ɗaya.

Larabawa suna cewa a duba maƙwabci kafin gida. Maluman hadisi ba su inganta wannan magana zuwa ga Annabi (S.A.W.) ba, don haka kada mu jingina masa ita. Amma ma'anarta tana da madogara, domin Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musal Ash'ari (R.A.) cewa Manzon Allah ya kamanta abokin zama nagari da mai sayar da turaren almiski, mugun aboki kuwa da mai zuga wutar maƙera. Wanda kuke ɗaki ɗaya da shi, shi ne zai tashe ka Asuba, ko kuma ya hana ka tashi.

Abu na farko, kada ka biya kuɗi a ganin farko. Ka je unguwar da rana, ka koma bayan Isha'i, ka ga su wa ke zama a bakin layin. In ka tarar da matattarar 'yan ƙwaya, to ka haƙura da ɗakin ko da kyauta ne. Ka duba ko akwai masallacin khamsu salawati da za ka iya zuwa da ƙafa cikin duhun Asuba.

Na biyu, ka yi lissafi. A Kano an hana acaɓa tun 2013, zirga-zirga sai a adaidaita sahu ko bas. Ɗaki mai araha a nesa da makaranta, kuɗin mota zai cinye rarar, ga makara a aji. Ka tambayi ruwa: rijiya ce, famfo ne, ko sai an sayi na 'yan garuwa? Ka dubi gindin bango, in akwai alamar ruwa ya taɓa kwanciya, damina za ta ba ka labari.

Na uku, haya ciniki ce, kuma shari'a ta shar'anta a san kuɗin a san wa'adin. Ka ga mai gida ido da ido, kada ka tsaya ga dillali kaɗai. A faɗi la'ada tun farko, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu, a ba ka rasit. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta mu'amalar bashi ta sauka. Rubutu ba rashin yarda ba ne.

Na huɗu, tsaro. Mu da muke gefen dajin Rugu ba sai an ba mu labarin 'yan bindiga ba. A watan Satumba na 2023 an sace ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau, galibinsu mata, daga gidajen haya a Sabon Gida, a watan Oktoba kuma aka sace ɗalibai mata biyar a Dutsin-Ma, su ma a gidan haya na wajen makaranta. Saboda haka a guji gidan da yake ƙarshen gari shi kaɗai. 'Ya mace kuwa, a fara nema mata ɗakin cikin makaranta. In bai samu ba, mahaifinta ko yayanta ya je da kansa ya ga gidan, ya gabatar da ita ga mai unguwa da wani gidan mutunci da zai riƙa sa ido.

Na biyar, Kano ba Safana ba ce. Za ka zauna da Bayarabe da Ibo da Tibi da Babarbare, Musulmi da Kirista. Aya ta 36 cikin Suratun Nisa'i ta yi umurni da kyautata wa maƙwabci na kusa da na nesa, kuma Abdullahi ɗan Amru (R.A.) ya kasance in an yi yanka a gidansa yakan tambaya ko an kai wa maƙwabcinsa Bayahude. Ka riƙe aƙidarka, ka kuma kiyaye haƙƙinsu: ka gaishe su, ka duba maras lafiya, kada ka cutar da su da ƙarar rediyo ko da wa'azi ka kunna. Sau da yawa halinka shi ne tafsirin da za su fara karantawa. Kuma ka nemi 'yan'uwa na Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi, wadda aka kafa a Legas a 1954, domin sun riga ka sanin unguwannin.

Daga ƙarshe muna kira ga rassanmu na Batsari da Safana su tattara sunayen ɗalibanmu da ke kowane birni, a haɗa sabo da tsoho, in da hali su kama gida ɗaya su raba kuɗin. Ku kuma iyaye, ziyara ɗaya ta ba-zata ta fi waya goma.

Allah Ya tsare mana zuriyarmu, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya kawo mana zaman lafiya a ƙasarmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.