Daga Akushi Zuwa Leda: Ina Masu Zama Su Ci a Nguru da Gashuwa?



A watan Yunin 2022 wani katafaren jirgin ruwa ya kife a tekun kudancin ƙasar Sin. Gidan cin abinci ne aka gina a kan ruwa, sunansa Jumbo. An buɗe shi a Hong Kong a 1976, aka yi masa ado irin na fadar sarakunan Sin na dā, kuma yana ɗaukar mutum sama da 2,000 a zama guda. Annobar korona ta rufe shi a Maris 2020, bayan shekaru yana tafka asara. Da aka rasa mai karɓarsa sai aka ɗaure shi aka ja zuwa wata tashar, guguwa ta same shi a hanya. A birnin New York na Amurka ma, gidan abincin Sinawa na Jing Fong, mai kujeru kusan 800, ya rufe babban zaurensa a Maris 2021 ya koma wani ƙaramin wuri.

Dalilan iri ɗaya ne a ko'ina. Haya ta yi tsada, babban zaure na cin ma'aikata da yawa, 'ya'yan masu gidajen sun yi karatu sun zama likitoci da injiniyoyi, ba wanda ke son ya gaji tsayuwa gaban wuta daga safe har tsakar dare. Matasan masu saye kuma sun gwammace su danna waya a kawo musu har ƙofa. Abincin Sinawa yana nan ana ci, watakila ma fiye da dā. Abin da ke ƙarewa shi ne zaman da ake yi a kewaye tebur, a zuba abinci a tsakiya kowa ya miƙa hannu.

Wani zai ce ina ruwan biri da gada, me ya haɗa mutumin Nguru ko Gashuwa da jirgin Hong Kong? Wuri mafi kusa da aka san irin waɗannan gidajen abincin Sinawa shi ne Kano, wajen Bompai da Nasarawa, inda suka rayu da cinikin manajojin masana'antu da baƙin kamfanoni. Cikin Sinawan farko da suka zauna a Arewa akwai 'yan Hong Kong da suka zo a shekarun 1960 da masana'antun kwano da na roba da masaƙu. Cha Chi Ming ya kafa masaƙar UNTL a Kaduna a 1964, kuma da ta rufe a 2007 dubban mutane suka rasa aiki. Kwanon da irin waɗannan masana'antu suka buga, mai fenti da zanen furanni, shi ya kori akushi da ƙwarya daga ɗakin amarya, daga nan ya kore su daga rumfar mai tuwo. Ke nan hannun Sinawa ya daɗe a cikin abincin wannan yanki, ko da ba su buɗe gidan abinci ko ɗaya a nan ba. Ciwon da ya kama manyan zaurukansu kuwa, irinsa ne yake cin rumfunan tuwo na Nguru da Gashuwa.

Sai an tuna abin da ya cika rumfunan tun farko kafin a gane abin da ya watsa su. Layin dogo daga Kano ya iso Nguru a 1930, ya tsaya nan. Garin da tun dā mazaunin Galadiman Barno ne sai ya zama bakin ƙofar fitar da duk abin da arewacin Barno da kudancin Nijar suka samar: gyaɗa, ƙaro, fatu da ƙiraga, shanu, busasshen nama da bandar kifi. Mai kaya yakan zo da raƙumi ko jaki ko a mota, ya sauka gidan fatomansa, ya jira awo, ya jira kuɗi, ya jira jirgi. Jiran kan ɗauki kwanaki. Mutumin da ke jira ba ya gaggawar cin abinci, kuma a kan wannan jira matan gari suka gina sana'a. Ga 'yan dako, ga ma'aikatan reluwe daga Kudu, ga dillalai, ga mahauta, kowa da bakin da za a ciyar sau uku a rana. Gashuwa ma haka, da kasuwar kifi da shinkafar fadamar Bade.

A dubi irin wannan rumfa da kyau. Tun kafin kiran assalatu an hura wuta. Gero an surfa shi jiya, an wanke, an kai niƙa ko an ɓarza. Uwar rumfa na zaune kan kujera 'yar tsugunno, tukunyar tuwo a dama, ta miya a hagu, mara a hannu tana tsoma ta a ruwa tana kwashe malmala. Miya ba ta kasa biyu: kuka da karkashi, ko busasshiyar kuɓewa, da man shanu a kwalba ga mai ƙarin kuɗi. Ga burabusko ga wanda ya tashi da shi, da kan tarwaɗa a gefe. Baƙo ya yi sallama, ya tuɓe takalmi, yarinya ta miƙo buta da kwanon wanke hannu. Ba a tambayar tsohon kwastoma me zai ci. Sai dai a ji, "Alhaji, yau an makara, ko jirgin ne?" shi kuma ya ce, "Wallahi Hajiya, awo ne ya riƙe mu, a ƙara mini miya." Kafin ya suɗe kwano ya ji farashin buhun gero a Machina, ya ji wanda aka yi wa rasuwa, ya ji motar da za ta tashi da yamma.

Akwai kuma littafin da ba a rubuta ba. Ɗan dakon da bai samu aiki ba yau zai ci, a ce sai ranar kasuwa. Malamin makarantar da albashinsa ya makara zai ci har ƙarshen wata. Ƙanzo da sauran miya na almajiri ne. Wannan bashi ba shi da takarda, jinginarsa ita ce fuskar da ake gani kullum a kan benci ɗaya.

Abin da ya fara tsinka wannan zare shi ne mutuwar jira. Gyaɗa ta faɗi bayan fari da cutar da suka same ta a shekarun 1970, jirgi ya koma sai jefi-jefi, kaya suka koma kan tirela. Yau dillalin riɗi ko na kifi yana gama ciniki ta waya, a tura kuɗi ta banki, a loda mota ta juya a yinin. Wanda dā zai kwana uku a gari, yanzu awa uku ta ishe shi, kuma abincin awa uku a leda ake ƙulla shi.

Ruwa ma ya sauya hali. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun canja yadda ambaliya ke sauka a dausayin Haɗeja da Nguru. Ciyawar kacalla ta toshe magudanu, wani wuri ruwa ya yi yawa ya cinye gonaki, wani wuri ya ƙi zuwa sam. Tafkin Nguru ya shiga jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000, amma wannan suna bai buɗe wa masunci hanyar kwalekwale ba. Kifin da ya samu kuma motar Kudu ke fara ɗauka, domin can ya fi daraja. Mai tuwo ta koma saye da tsada abin da ake kamawa a bayan gidanta.

Sai shekarun tashin hankali. Dokar ta-ɓaci ta Mayun 2013 ta haɗa da Yobe, kuma ko garuruwan da Allah ya tsare sun sha dokar hana fita da shingayen bincike. Cinikin dare, wanda shi ne ribar mai abinci a tasha, ya yi rauni, mutane suka koyi tsoron taro. A kan wannan aka ɗora ƙarancin takardun naira na farkon 2023, sannan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun shekarar. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024, kuma a tsakiyar shekarar hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin ɗari. Kuɗin niƙa ya tashi, itace ya tashi, manja ya tashi. Mai tuwo ba ta iya ninka kuɗin malmala kamar yadda mai shago ke canja farashi, domin ta san aljihun duk wanda ke zama gabanta. Sai ta rage girman malmala, ta rage nama, ta daina ba da bashi, daga ƙarshe wata ta kife tukunya.

Dalili na ƙarshe shi ne wanda ya fi kama da na Sinawa, kuma shi kaɗai ne abin farin ciki a ciki. Rumfar tuwo a kan ƙarfin 'ya'ya mata ta tsaya: su ne masu ɗebo ruwa, masu wanke-wanke, masu talla. Yau yarinyar da ke da hali tana makaranta, tana hangen Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman ko Jami'ar Tarayya ta Gashuwa da aka kafa a 2013. Duk mai kukan rumfar dā ya kamata ya tuna da wa ke riƙe da butar, da shekarunta, da irin maganganun da take ji daga bakin wasu masu cin abincin. Ba wanda ya isa ya ce a fitar da ita daga aji don benci ya cika. Ruwan wanke kwano da ake yini ba a canja ba shi ma ba abin kewa ba ne.

To me ya maye gurbin? A nan labarin Sinawa ya dawo ta bayan gida. Awarar da ake soyawa a kowace kwana, ana barbaɗa yaji a ƙulla a leda, asalinta cukun waken suya ne da Sinawa suka ƙirƙira tun ƙarnuka masu yawa. A Nijeriya ta bazu ne bayan da masu bincike a cibiyar IITA ta Ibadan suka dage wajen koya wa mata sarrafa waken suya a ƙarshen shekarun 1980. Taliyar Indomie da mai shayi ke dafawa cikin minti biyar ta kamfanin Indonesiya ce, ana yin ta a Nijeriya tun tsakiyar shekarun 1990, dabarar busar da ita kuma a Japan aka fito da ita a 1958, amma tushen taliyar na Sin ne. Koren ganyen shayin da samari ke dafawa a ƙaramar buta a majalisa, shi ma daga Sin ake shigo da shi. Abincin gabashin Asiya ya ci wannan yanki ba tare da tebur ko kujera ba, a tsaye ake cinsa, ko a kan babur.

Ba laifi ba ne cin awara. Ta ciyar da yara da yawa da nama ya fi ƙarfin iyayensu, ta kuma ba matan aure jari a cikin gida. Teburin mai shayi ma wurin zama ne, ana hira, ana musun ƙwallo. Amma a lura da inda kuɗin ke tafiya. Kwanon tuwo da miyar kuka kusan duk abin da ke cikinsa daga gonakin Karasuwa da fadamar Bade ya fito: geron, kukar, daddawar, kifin. Farantin indomi da ƙwai kuwa, alkamarsa mafi yawa daga ƙetare take, kuma ɗan abin da ke saura a gari shi ne ladan mai dafawa. Yankin da ke cikin manyan masu noman gero a ƙasar nan yana koya wa 'ya'yansa cewa gero abincin ƙauye ne. Ledar da aka ci aka yar kuma tana toshe kwata da damina, tana taruwa a tumbin akuya da saniya. A tambayi kowane mahauci abin da yake cirowa. Jihar Legas ta haramta robar abinci ta soso a Janairun 2024 saboda irin wannan ɓarna.

Abin ya shiga har cikin unguwa. Ciyayya, inda magidanta ke fito da kwanukansu ƙofar gida bayan magariba a haɗa a ci tare, tana ja da baya. Amfaninta ya wuce hira: a nan ake gane gidan da yau ba a ɗora tukunya ba, ba tare da maigidan ya buɗe baki ya roƙa ba. A wajen biki ma an fara daina shimfiɗa tabarma a ajiye faranti a tsakiya; kowa a miƙa masa robarsa a leda ya kama gabansa.

Jirgin 1930 ba zai dawo da fatake masu kwana uku ba, amma masu zama sababbi suna nan. Ga ɗaliban jami'a da na kwalejoji, ga ma'aikata da masu jinya a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru, ga direbobi da 'yan kasuwar riɗi. Waɗannan za su zauna su ci burabusko in sun sami wuri mai tsabta, da inuwa, da ruwan wanke hannu mai gudu, da sashen da mace za ta zauna ba a zuba mata ido ba, abin da rumfar dā ba ta taɓa tanada ba. Wannan aikin ƙananan hukumomi ne da shugabannin kasuwa da na tasha: a ware wa masu abinci rumfuna na dindindin kusa da famfo, a daina tashinsu duk lokacin da aka zo gyaran hanya, a rage yawan masu zuwa da rasit. Ƙungiyoyin mata na iya haɗa adashi su sayi gero da kaka lokacin da yake araha, su mallaki injin niƙa guda, su koma murhu mai tsimin itace, su ɗauki manya aiki da lada a maimakon yara.

Ga malamai da ɗalibai kuma akwai aikin da ba ya buƙatar kasafin gwamnati. Matan da suka ciyar da tashar jirgin Nguru a shekarun 1970 wasunsu na raye, sun tsufa, suna cikin gidajen 'ya'yansu. Sun san yadda ake haɗa miyar da ba a ƙara yi, sun san abin da malmala ta kai a shekarar fari, sun san yadda aka ciyar da gari da jari kaɗan. Ɗalibin tarihi ko na tattalin arziki ko na Hausa da ke neman abin da zai rubuta kundinsa a kai, ya ɗauki wayarsa da izinin iyalansu ya je ya naɗi bayaninsu, sashen da yake karatu kuma ya adana abin da aka naɗa.