Ya Ake Gwada IC Kafin Ya Shigo Wayarka?

Duk wanda ya taɓa kai waya gyara, Shuwarin ne, Dutse ne, ko Farm Centre a Kano, ya ji maganar nan: "IC ne ya tafi." To kafin ya baro masana'anta fa, ya aka san lafiyarsa ƙalau?

Wani IC ɗin transisto biliyoyi ne a cikinsa, kuma 0 da 1 kaɗai suke ji. Ɗauki mai mashiga 64. In ka ce sai ka gwada kowane haɗi, ko biliyan ɗaya kake gwadawa a sakan, sai ka haura shekara 500. Wa zai jira?

Sai injiniyoyi suka yi dabara. Suna ƙaddara cewa layi ɗaya a ciki ya maƙale a 0 ko a 1, kamar makunnin fitila da ya cije, sai su nemi tambayar da za ta tona shi. Ƙofar AND, misali, ba ta fitar da 1 sai mashigarta biyu duk sun zama 1. Ba ta 1 da 1. In ta ce 0, ka kama ta. A 1966 J. Paul Roth na kamfanin IBM ya fitar da tsarin lissafin nemo irin waɗannan tambayoyin.

Amma fa gwajin nan na sabo ne. IC ɗin da aka ciro daga matacciyar waya da zafin iska, ba wanda ya sake yi masa shi. In mai gyara zai canza maka, tambaye shi: sabo ne, ko cirowa aka yi?