Jawabi Kan Ɗaukar Taba A Tafiyar Jirgin Sama

 

Da yawa daga cikinmu matafiya ne. Wani fatauci ke kai shi waje, wani aikin Hajji ko Umara, wani kuma ziyarar 'ya'ya. Shi ya sa aka ga ya dace a yi mana bayani kan taba, domin abu ne ɗan ƙarami amma yana iya sa mutum ya rasa jirgi, ko kuɗi, ko ma mutunci. Dokar jirgi ba ta hana ɗaukar taba ba. Abin da ake dubawa uku ne: inda ka sa ta, abin da ka yi da ita a cikin jirgi, da kuma yawanta in ka sauka.

Na farko, wajen haɗa kaya. Sigari da garin taba ana iya sa su a jakar hannu ko a babbar jakar da ake aunawa. Amma abin kunna wuta dokarsa daban. An yarda mutum ya riƙe laita ɗaya ko ƙaramin kwalin ashana ɗaya a jikinsa, ba a babbar jaka ba, wasu filayen jirgi ma karɓewa suke yi. Man da ake ɗura wa laita kuwa ba ya hawa jirgi sam. Sigarin lantarki da samari ke zuƙa yanzu, tun 2015 aka hana sa shi a babbar jaka, saboda batirinsa na iya kama wuta a inda babu mai gani. A jakar hannu zai zauna, kuma ba a cajinsa a sama.

Na biyu, cikin jirgi. Ba a shan taba, ko a kujera ko a ban ɗaki. Wannan ba son takura ba ne. A 1973 wani jirgin ƙasar Barazil ya kama wuta daga ban ɗakin baya yana dab da isa birnin Paris na Faransa, mutum 123 suka rasu, yawancinsu hayaƙi ne ya kashe su, kuma ana kyautata zaton guntun sigari ne mafari. A 1992 hukumar kula da jiragen sama ta duniya, ICAO, ta nemi ƙasashe su hana shan taba a jiragen ƙasa da ƙasa kafin Yulin 1996. Akwai na'urar jin hayaƙi a kowane ban ɗaki, wanda ya gwada 'yan sanda na iya tarbarsa a ƙofar jirgi. Mai sha ya daure har a sauka, ya nemi inda aka keɓe.

Na uku, wajen kwastan, kuma nan ne aka fi yin asara. Kowace ƙasa da ma'auninta. Mai shigowa Nijeriya an yafe masa kuɗin fito kan sigari kara 200, wato kwali 10, abin da 'yan tireda ke kira rol ɗaya. Saudiyya ma kara 200 ne, kuma tun 2017 ta ɗora wa taba harajin kashi 100 bisa 100. Alhazai su tuna, tun 2001 aka ayyana Makka da Madina a matsayin biranen da ba a yarda da taba ba. Ingila kara 200 ko giram 250 na taba, ga wanda ya kai shekara 17. In ka haura, a kan dukkan tabar za ka biya, ba a kan rarar kaɗai ba. Ostireliya kara 25 kacal take yafewa. Singafo ko kara ɗaya ba ta yafewa. Indiya da Tailan kuwa sun haramta sigarin lantarki gaba ɗaya. Kada mutum ya ce ai a kantin filin jirgi ya saya. Kwastan na inda ka sauka ba ruwansu da wannan. In kayanka sun haura ma'auni, bi ƙofa mai jar alama ka bayyana da bakinka. Biyan fito ya fi sauƙi a kan ƙwace da tara.

Sai maganar saƙo, wadda ta fi damuna. Mu mutane ne masu kunya, in maƙwabci ya kawo ƙulli ya ce garin taba ne a kai wa tsoho, sai mu karɓa ba tambaya. To, jama'a, gari a leda ba tambari, jami'in NDLEA ba zai ɗauke shi a bakinka ba, sai ya bincika, jirgi kuma ba ya jira. In aka yi rashin sa'a akwai ƙwaya a ciki, mai jaka ake kamawa, kuma a Saudiyya hukuncin safarar ƙwaya yana kaiwa ga kisa. Duk abin da ba a buɗe a gabanka ba, kada ya shiga jakarka, ko na wane ne.

A ƙarshe, waɗannan ma'aunai sukan canza. Kafin ranar tashi a tambayi kamfanin jirgi ko jami'an alhazai, matambayi ba ya ɓata. Wanda ya ji ya sanar da wanda bai zo ba. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.