Jawabin Shugaban Kwamitin Kula da Tsofaffin Gine-gine a Taron Ƙaddamar da Kwamitin a Dudunni

  

Mai girma Shugaban Ƙaramar Hukumar Kusada, mai masaukinmu, mai girma Shugaban Ƙaramar Hukumar Kankiya, wakilin Mai Martaba Sarkin Katsina, Alhaji Abdulmumini Kabir Usman, Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana, ranka ya daɗe Bebejin Katsina, Hakimin Kusada, sauran iyayenmu hakimai, dagatai da masu unguwanni, 'yan majalisarmu na jiha da na tarayya, ko wakilansu, wakilin Hukumar Tarihi da Raya Al'adu ta Jihar Katsina, kansiloli, daraktoci da shugabannin sassa, malamanmu da limamanmu, Allah ya gafarta muku, shugabannin jami'an tsaro, sarakunan sana'a, musamman Sarkin Magina da jama'arsa, iyayenmu mata, 'yan kasuwa, matasa, 'yan makaranta da 'yan jarida, jama'ar Dudunni da baƙinmu na nesa da na kusa: Assalamu alaikum wa rahmatullahi ta'ala wa barakatuhu.

Da farko ina miƙa godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da ya nuna mana wannan rana lafiya. A madadin 'yan kwamiti, ina gode wa majalisar ƙaramar hukuma da ta ga dacewarmu ta ɗora mana wannan nauyi. Mun karɓa hannu bibbiyu, muna roƙon Allah ya ba mu ikon sauke shi. Ina kuma gode wa Mai Girma Gwamna, Malam Dikko Umaru Raɗɗa, da Masarautar Katsina, waɗanda a ƙarƙashin inuwarsu muke wannan zama. Haka nan mutanen Dudunni, da suka share fili, suka kafa rumfuna, suka shimfiɗa tabarmi, mata suka kwana a gindin murhu saboda baƙi. Allah ya saka da alheri.

Tun kafin a kai ga rantsuwar yau, 'yan kwamitin nan ba su zauna ba. Sun zagaya mazaɓunmu: Kusada, Dudunni, Kofa, Boko, Kaikai, Mawashi, Yashe da Bauranya. Sun gaida masu gari, sun zauna da dattawa, sun ji tarihin gidaje daga bakin masu su. Sun buɗe rajistar tsofaffin zauruka da soraye da masallatan ƙasa da rijiyoyi da wuraren marina. Sun ɗauki hotuna, sun auna tsawo da faɗi, sun rubuta halin da kowane gini yake ciki. Sun nemo maginan gargajiya da suka rage, sun san inda kowannensu yake zaune. Malaman makaranta sun taimaka da rubutu, matasa sun ba da baburansu, 'yan kasuwa sun zuba mai. Duk wannan an yi shi ne don Allah da son gari, ba wanda ya nemi ladan kwabo. Jama'a, a tafa musu.

Ya ku jama'a, mu Katsinawa ba baƙin tarihi ba ne. Hasumiyar Gobarau tana tsaye a birni, tsawonta wajen ƙafa 50, ana danganta ta da zamanin Muhammadu Korau a ƙarni na 15, zamanin da malamai irin su Shehu Magili suka sauka Katsina. Ginin Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, yau shi ne gidan tarihi na ƙasa. Ga Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Mani, ga rijiyar Kusugu a Daura. Amma ina so mu lura da abu guda. Gobarau da ƙasa aka gina ta, irin ƙasar da muke takawa a nan. Abin da ya tsayar da ita shi ne hannun mutane: zamani bayan zamani ana komawa a yi mata yaɓe, har a zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944, aka sa magina suka yi mata babban gyara. Da an yi sakaci na 'yan shekaru, da yau labarinta kawai muke ji.

To, birni yana da masu kula da shi. Akwai Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda dokar 1979 ta kafa, akwai hukumar jiha, akwai fada. Amma zauren mai gari a ƙauye, wanda a cikinsa aka raba gado, aka sasanta manomi da makiyayi, aka ɗaura auren kakanninmu, wa zai taso daga Abuja ya duba shi? Babu. Idan ƙaramar hukuma ba ta kula ba, babu mai kulawa. Dalilin kusanto da mulki ga jama'a ke nan, tun daga gyaran fasalin 1976 da ya maye gurbin En'e, har zuwa yau da jiharmu take da ƙananan hukumomi 34.

Ranka ya daɗe, a gafarce ni, zan ajiye takardar nan tukuna. Yaran da suka taya ni shirya ta sun yi ƙoƙari, Allah ya yi musu albarka, amma maganar da ta kawo ni tana cikina.

Maganar ita ce kuɗin yaɓe, da lokacin da ake sakin su.

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san yadda soro yake mutuwa. Ba dare ɗaya yake faɗuwa ba. Indararo ne yake toshewa da ganye da sheƙar tsuntsu. Ruwan farko ya sauka, ya rasa hanya, ya kwanta a kan rufi. Ya sami 'yar tsaga wadda yatsa ma ba zai shiga ba, ya bi ta, ya kai ga azara. Azara ta jiƙe, gara ta samu shiga. Shekara ta farko sai ka ga tabo a ɗaurin guga. Ta biyu ƙasa ta fara zubowa a kan tabarma. Ta uku, cikin watan Agusta, da tsakar dare, sai a ji rugum. Da safe a taru ana salati, ana cewa ƙaddara ce. Lalle komai da ƙaddarar Allah, amma fa aikin yini biyu da magini ɗaya da lebura uku ya isa ya hana wannan, in an yi shi cikin rani.

Kalmar da nake so majalisa ta riƙe ke nan: cikin rani. Magini yana bukatar ya haƙo ƙasa, ya kwaɓa ta da ramno, ya tattake, ya bar ta ta kwana da kwanaki ta ruɓa. In tubali zai yi, sai ya mulmula shi da hannu, ya shanya rana ta busar da shi sarai. In makuba zai shafa, sai an tara ɓawon ɗorawa an jiƙa. In laso ne, sai an nemo katsi daga marina, da gashin jima, da dafara. Duk wannan aikin Fabrairu da Maris ne, zuwa Afrilu. Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, an gama magana.

Na yi aiki shekaru a wata ƙaramar hukuma, ba zan kira sunanta ba, kuma ba a wannan yanki take ba. Da idona na ga takardar neman gyaran wani tsohon zaure ta shigo ofis da sanyin hunturu. Ta je sashen ayyuka, ta koma wurin akawu, ta jira zaman majalisa, aka ce babu gurbinta a kasafi, a nemo inda za a ɗora ta. Ranar da aka sa hannu a kan bauca, gero ya riga ya fid da kai. Da aka aika a duba ginin, sai aka tarar da tulin ƙasa, yara suna wasa a kai. Ba wanda ya saci ko kwabo a wannan magana. Jinkiri ne kawai ya rushe shi. Har yau in na tuna abin yana ci mini rai.

Saboda haka roƙona ga mai girma Shugaba da kansilolinmu ɗaya ne, kuma zan maimaita shi har a gaji da ni. A buɗe gurbi na dindindin a cikin kasafin kuɗin kowace shekara, da sunansa, don gyaran tsofaffin gine-gine. Kada a cusa shi cikin kuɗin bukukuwa, kada a haɗa shi da na karɓar baƙi. Kuma a rubuta a dokar majalisa cewa za a saki kuɗin kafin ƙarshen Fabrairu. Ko kaɗan ne, in sun fito a kan kari, sun fi masu yawa da za su fito bayan ruwa ya sauka. Na hango Ma'aji yana murmushi. Ranka ya daɗe Ma'aji, murmushin nan na ɗauke shi a matsayin amincewa, kuma ga jama'a sun shaida!

Za a ce ina kuɗin suke, ga albashi, ga asibiti, ga rijiyoyin burtsatse, ga matsalar tsaro da ta dami jiharmu. Gaskiya ne, kuma ba mu ce a taɓa kuɗin magani don a yi yaɓe ba. Amma a ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ban da haka, tsarin mulkin 1999 ya ba ƙaramar hukuma kasuwanni da tashoshin mota da harajin gidaje. Abin da ake kashewa a kan rumfuna da kujeru da abin sha na taro guda irin na yau zai iya riƙe zaure ya ƙetare damina. Kuɗin kuma ba wani wuri za su ba: aljihun magini za su shiga, da mai amalanken da ya ɗauko ƙasa, da mai ga-ruwa, da matar da ta tara makuba. A cikin garin nan za su zagaya.

Ku samarin da ke bayan rumfar can, a ajiye wayoyin nan haka, a saurara. Maganar gidan kakanninku ake yi. Mu da kuke gani mun kusa gama namu zamanin, ku za a tambaya gobe.

Sai gargaɗi ga masu ba da kwangila da masu karɓa. Kada wani ya zo da buhunan siminti ya lulluɓe ginin ƙasa ya ce ya gyara. Siminti ba ya kama ƙasa. Danshi yakan taru a bayansa, bango ya riƙa ruɓewa a ɓoye, wata rana filastar ta ɓalle gaba ɗaya ta tafi da rabin katanga. Kada kuma a sare zankwaye a ɗora kwano ba tare da shawarar masu sani ba. Aikin nan na Sarkin Magina ne da yaransa. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, masana daga ƙasashen duniya sun sha zuwa su tsaya suna kallon bakan gizonsa. Ilmin da ya ɗaure wannan baka yana nan a hannun dattawan da ke zaune a kan tabarmar can. Muna roƙon a ɗauki yara a ba su koyo a wurinsu, da ɗan alawus, tun suna da ƙarfin nunawa. Muna kuma roƙon duk ginin da ya shiga rajistarmu, kada a ba da izinin rushe shi don shago ko faɗaɗa hanya sai an zauna da kwamiti da mai gari da masu gidan.

Kada wani ya raina ƙauye a wannan sha'ani. Yama ƙauye ne a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar. A 1962 mutanensa suka sa wani magininsu, Falke Barmu, ya gina musu masallacin Juma'a da ƙasa, kowa ya kawo abin da zai iya, wani ruwa, wani itace. A 1986 masallacin ya ci lambar yabo ta Aga Khan, sunan ƙauyen ya zaga duniya. A Jenne ta ƙasar Mali, duk shekara gari ne yake fitowa ƙwansa da ƙwarƙwatarsa a yi wa babban masallaci yaɓe. Tsohon birnin Agadas ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya a 2013. Mu ma mun gaji aikin gayya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: hukuma ta kawo kuɗi a kan lokaci, masu gari su yi shela, matasa su fito da kwanduna da fartanya, masu gidaje su buɗe mana ƙofa.

A namu ɓangaren, mun yi alkawari a gaban iyayenmu cewa duk abin da aka ba mu za mu rubuta shi, mu karanta lissafinsa a bainar jama'a a ƙarshen kowace shekara. Wanda ya ga mun karkace ya faɗa mana a gaban idonmu. Kuma mai girma Shugaba, da yardar Allah, farkon watan Janairu za ka gan mu a ƙofar ofishinka da jerin gine-ginen da za a fara da su, da kiyasin kowanne.

Allah ya ja zamanin Sarki. Allah ya taimaki shugabanninmu, ya yi musu jagora. Allah ya zaunar da ƙasar Kusada da ta Kankiya da Jihar Katsina da Nijeriya lafiya, ya kawo mana ƙarshen 'yan ta'adda, ya ba mu damina mai albarka. Allah ya jiƙan magabatanmu da suka gina garuruwan nan, ya mai da kowa gidansa lafiya.