MAKOMAR FAIFAN AJIYA MAI BABBAN CIKI DA AMANAR TAKARDUN JIHAR JIGAWA



Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba wata 'yar na'ura da ke ɓoye cikin kwamfuta, wato faifan ajiya, wanda masu gyara ke kira "had-dis", a ga inda ya fito da inda ya dosa, sa'an nan a auna abin da wannan ci gaba zai haifar wa jiha irin Jigawa. Adana labari ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. A Birnin Kudu, a Dutsen Habude da Dutsen Mesa, akwai zanen shanu da mutanen dā suka bari jikin duwatsu, ga shi har yau ido na iya ganinsa ba da taimakon wata na'ura ba. Bayan dutse aka zo kan allo da tawada, da takardun ajami na malamai da alƙalai, sa'an nan fayil-fayil na zamanin En'e. Faifan ajiya shi ne autan wannan zuri'a, ya fi su ɗaukar kaya nesa ba kusa ba, amma kuma duk ya fi su gajeren kwana.

Yadda Faifan Yake Aiki

A cikin akwatin akwai faya-fayai na alminiyam ko na gilashi, an shafe su da sinadari mai karɓar maganaɗisu, suna juyawa sau 7,200 a minti guda. Bisa kowace fuska akwai allura mai rubutu da karatu. Ba ta taɓa faifan, tana shawagi ne a kansa da tazarar da silin gashi ya fi ta kauri sau dubbai. Aikinta shi ne ta juya ƙananan ƙwayoyin maganaɗisu su fuskanci nan ko can, wannan fuskanta kuwa ita kwamfuta ke karantawa a matsayin 0 ko 1. Saboda haka duk tarihin faifan ajiya tarihin tambaya ɗaya ce: yaya za a ƙara matse ƙwayoyin nan a wuri guda ba tare da rubutun ya dagule ba?

Daga Jiya Zuwa Yau

Kamfanin IBM na Amurka ne ya fito da faifan farko a 1956, cikin na'urar RAMAC. Faya-fayai 50 ne, faɗin kowane inci 24, nauyin na'urar ya kai kimanin tan guda, abin da take ɗauka kuwa haruffa miliyan 5 ne kacal, wato ko hoto ɗaya mai kyau na wayar zamani sai ya cika ta. A 1988 Albert Fert na Faransa da Peter Grünberg na Jamus, kowa a nasa ɗakin bincike, suka gano wata ɗabi'ar maganaɗisu da ta ba da damar ƙera allura mai kaifin ji, aka ba su kyautar Nobel a 2007. A 2005 aka fara sayar da faifan da ƙwayoyinsa ke tsaye maimakon kwance, dabarar da Shun-ichi Iwasaki na Jami'ar Tohoku ta Japan ya kawo tun cikin shekarun 1970. A 2007 Hitachi ya kai tarabait 1, wato megabait miliyan guda. A 2013 aka fara cika akwatin da iskar hiliyom, wadda nauyinta kashi ɗaya ne cikin bakwai na iskar da ake shaƙa, domin a sami jera faya-fayai da yawa ba tare da sun yi rawa ba.

Daga nan sai masana suka ci karo da katanga. Idan ƙwayoyin suka cika ƙanƙanta, ɗumin ɗaki kawai ya isa ya juya su, rubutu ya goge kansa. Idan kuma aka yi su da sinadari mai tauri, kamar gamin ƙarfe da filatinam, sai allura ta kāsa juya su. Maganin da aka samu bai bambanta da na maƙerin Bahaushe ba, wanda ba ya dukan ƙarfe sai ya sa shi a wuta. Aka ɗora wa allurar ɗan ƙaramin hasken leza da ke gasa wurin rubutu ya wuce digiri 400 a ma'aunin salshiyas cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, a yi rubutu, wurin ya huce, rubutun ya daskare. Da wannan dabara kamfanin Seagate ya sanar da faifai mai tarabait 30 a Janairun 2024, da mai tarabait 36 a Janairun 2025. Masu ƙera shi sun sa wa kansu burin kai tarabait 100 wajen 2030 ko bayanta kaɗan.

Wani zai ce, ai ma'ajiyar lantarki marar faifai, wato SSD, 'yar'uwar filash da memorin waya, ta riga ta kori faifai daga ƙananan kwamfutoci. Haka ne, domin ta fi sauri kuma ba ta tsoron jijjiga. To amma a manyan cibiyoyin adana bayanai, inda ake lissafin kuɗin kowane tarabait, faifai ya fi ta arha sau da yawa. Can ne makomarsa take: ya bar teburin akawu ya koma babban rumbu.

Ina Ruwan Jigawa?

An ƙirƙiro Jihar Jigawa daga Jihar Kano ranar 27 ga Agusta 1991, Dutse ta zama hedkwata, da masarautu biyar: Dutse, Haɗejiya, Kazaure, Gumel da Ringim. Yau tana da ƙananan hukumomi 27. Jihar ta shiga harkar kwamfuta da wuri, domin zamanin Gwamna Saminu Turaki, 1999 zuwa 2007, aka kafa kamfanin sadarwa na Galaxy da cibiyar koyon kwamfuta ta Kazaure. A 2011 kuma aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse.

Bari a yi ɗan lissafi. Idan hoton shafi ɗaya na takarda ya ci megabait 1, faifai mai tarabait 30 zai ɗauki shafi miliyan 30, wato rim 60,000 na takarda. In aka ɗora su bisa juna, kowane rim kaurinsa santimita 5, tsayinsu zai kai kilomita 3. Ke nan takardun filaye da gonaki, da hukunce-hukuncen gado na kotunan Musulunci, da fayilolin fansho, da rajistar haihuwa daga Kiyawa, Jahun, Buji, Miga, Gwaram da Birnin Kudu, duk sai su shige abin da bai fi ƙaramin littafi girma ba. Wannan ba ƙaramar ni'ima ba ce ga tsohon malamin makaranta da ke jeka-ka-dawo saboda an ce fayil ɗinsa ya ɓata, ko marayun da ake neman ƙwace wa gona don gara ta cinye takarda.

Sai dai kowane manomi ya san cewa wanda ya zuba amfanin shekara cikin rumbu ɗaya, gobara ɗaya ta ishe shi. Akwai haɗari iri huɗu da ya kamata ma'aikaci ya sani. Na farko, cikin faifan yana ƙaruwa amma saurinsa bai bi sahu ba. Faifan da ke karanta kimanin megabait 270 a daƙiƙa zai ɗauki sa'o'i fiye da 30 kafin a kwafe tarabait 30, muddin wuta ba ta ɗauke ba. Na biyu, garantin da kamfanoni ke bayarwa ga manyan faya-fayai bisa al'ada shekara 5 ne, alhali takardar fili ana bukatarta har jikoki. Na uku, zafin bazara da wutar lantarki mai hawa da sauka da ambaliya irin ta 2022 duk abokan gabarsa ne. Na huɗu, kamfanoni uku ne suka rage masu ƙera shi a duniya, Seagate da Western Digital da Toshiba, kuma ambaliyar ƙasar Tailan ta 2011 ta nuna yadda farashi ke tashi idan masana'antunsu suka tsaya.

Abin Yi

Bisa ga haka, ana ba da shawarwari kamar haka. Kowace muhimmiyar takarda a yi mata kwafi uku, a ajiye ɗaya nesa da sauran, alal misali biyu a Dutse, ɗaya a Kazaure, zai fi kyau ma ɗayan ya kasance bisa kaset ɗin ajiya na zamani, wanda ba ya bukatar wuta in yana kwance. A sa kuɗin sauya faya-fayai cikin kasafin kowace shekara, kada a jira sai sun mutu. Kada a ƙona takardar asali don an ɗauki hotonta. Abin da ya faru a Timbuktu a Janairun 2013, lokacin da aka ƙona dubban rubuce-rubuce a Cibiyar Ahmad Baba, amma mafi yawan na garin suka tsira domin an riga an kwashe su zuwa Bamako, ya isa ishara. A kiyaye Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023, domin faifan da ya ɗauki sirrin jama'ar jiha guda yana shiga aljihun babbar riga. Daga ƙarshe, a horar da masu tsara fihirisa, domin shafi miliyan 30 marar fihirisa daidai yake da wanda ya ɓata. Nan ne aikin ɗaliban Hausa da Larabci da Tarihi ya taso, tun da injiniya zai iya haɗa na'ura, amma sai wanda ya iya karanta ajamin alƙali zai faɗi sunan mai gona da iyakarta.

Kammalawa

A taƙaice, faifan ajiya zai ci gaba da girma, kuɗin kowane tarabait kuma yana raguwa, har ya zama rashin wurin ajiya ba zai sake zama uzuri ga wata ma'aikata ba. Abin da zai rage shi ne tsari da riƙon amana. Zanen Birnin Kudu ya daɗe ne domin dutse ba ya bukatar mai kula, faifai kuwa ba ya rayuwa sai an gaji kulawa da shi daga ma'aikaci zuwa ma'aikaci. Allah ya ba da ikon riƙe amana, amin.